Yadda 'Yan Kasuwar Sabon Gari Za Su Shigar da Buƙatunsu Majalisar Dokokin Kano

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma kujerun Majalisar Dokokinta 40 ne, domin tsarin mulkin 1999 bai yarda majalisar kowace jiha ta haura haka ba. A cikin arba'in ɗin nan, kujera ɗaya ce rabon Fagge. Fagge ɗin kuwa ita ke ɗauke da Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na takarda shi ne Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ga kuma Kantin Kwari da Singa. Dukiyar da ke juyawa a waɗannan kasuwanni kowace safiya ta isa a ce masu ita suna da ta cewa a duk dokar da za ta shafi ciniki a jihar. Amma sai ka ga an tsara haraji, an yi kasafi, an rattaba hannu, ɗan kasuwa bai ji labari ba sai ranar da mai rasit ya tsaya a bakin shagonsa.

Ba wai 'yan kasuwa ba sa zuwa wurin 'yan majalisa ba ne. Suna zuwa. Shugabannin layi za su sha manyan riguna bayan sallar isha'i, su tarar da ayari biyar sun riga su zama a falon Honorabul. In layi ya zo kansu, mai magana da yawunsu ya gyara murya: "Ranka ya daɗe, mun zo gaisuwa ne, mu kuma kawo kukanmu." Sai ya jero abu goma a numfashi ɗaya, daga kwata zuwa KAROTA zuwa tsadar dala. Honorabul ya ce in sha Allahu za a duba, a ɗauki hoto, a ba da kuɗin mota. Gari na wayewa hoton yana Facebook, maganar kuwa an bar ta a kan kujerar falo. Gaisuwa ba laifi ba ce, tana ma buɗe ƙofa. Sai dai majalisa ba ta aiki da abin da aka faɗa a falo, tana aiki ne da abin da ya shiga takardar zamanta. Abin mamaki, mutumin da ba zai ba ka katan ɗin sabulu bashi ba sai ya rubuta suna da kwanan wata, shi ne zai miƙa buƙatar mutum dubu da fatar baki ya tafi ya kwanta.

A fara sanin mai abin

Aikin farko ba a majalisa ake yin sa ba, a ofishin ƙungiya ake yin sa, da biro da takarda. A rubuta kowace damuwa, a gabanta a rubuta wanda doka ta ɗora wa alhakinta. Rabin wahalar da ake sha daga nan take, domin an kai kuka gidan da ba shi da maganinsa.

Tsarin mulki, a jadawalinsa na huɗu, ya sa kafa kasuwanni da kula da su, da tashoshin mota, da mahauta, da bayin jama'a, a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Wanda ya karanta wannan kaɗai zai ce Kasuwar Sabon Gari ta shugaban Fagge ce. A aikace ba haka ba ne: gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita, kuma gwamna ne ke naɗa manajan daraktan da ke tafiyar da ita. Ko dokar jerin haraji ta 1998 ta raba abin gida biyu, inda ta bar wa jiha harajin kasuwar da kuɗin jiha ya shiga cikinta, ta bar wa ƙaramar hukuma sauran. Saboda haka maganar kuɗin hayar shago, da rabon rumfuna, da gine-ginen da ake tsirawa a kan hanyoyin cikin kasuwa, magana ce ta jiha, kuma majalisar jiha tana da hurumin shiga. Haka shara ta REMASAB, cunkoson titi na KAROTA, izinin gini na KNUPDA, haraji na hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha, da hukumar kashe gobara. Duk waɗannan, majalisa ce ke amince musu da kasafi, tana kuma iya kiran shugabanninsu.

Akwai kuma abin da ko 'yan majalisar arba'in sun haɗa baki ba za su iya taɓawa ba. Kwastan, 'yan sanda, bankuna, ma'auni da sikeli, da magunguna, duk na tarayya ne. Masu sayar da magani na Sabon Gari sun ga wannan da idonsu. An daɗe ana kai ruwa rana a kan komawarsu cibiyar da aka gina a Dangwauro, kan titin Zariya, har a watan Fabrairun 2024 babbar kotun tarayya da ke Kano ta ce su koma, NAFDAC da hukumar kula da harkar haɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu ɗaya. A irin wannan, iyakar abin da ɗan majalisar jiha zai yi shi ne roƙo da sasanci, ko ya nemi jiha ta sauƙaƙa wa mutane kuɗin shago da hanyar zuwa sabon wuri. Soke umarnin kuwa ba nasa ba ne, kuma duk wanda ya yi maka alkawarin haka, ƙuri'arka yake so. Wannan ta ɗan majalisar wakilai ce da sanata, ko ta lauya.

Wutar lantarki tana tsaka-tsaki. Solar da aka fara ɗora wa kasuwar a 2018 shiri ne na hukumar samar da lantarki a karkara ta tarayya tare da kamfani mai zaman kansa. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2023, jihohi sun sami damar yin dokar lantarki tasu, saboda haka yanzu ana iya kai maganar majalisar jiha ba a yi ɓatan kai ba.

Shugaban ƙaramar hukumar Fagge da kansilolin Sabon Gari, kada a tsallake su. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake sa ran nauyinsu zai ƙaru, ko da yake har yanzu majalisar jiha ce ke yin dokar da ta tsara su. Takardar da ta zo da wasiƙar goyon baya daga shugaban ƙaramar hukuma ta tashi daga koken wasu 'yan layi, ta zama buƙatar Fagge.

Biyu ko uku, ba goma ba

Bayan an tace, a zaɓi abu biyu, in an matsa uku. Nan ne rigima take, domin mai atamfa da mai kayan gini da mai kayan miya kowa yana ganin tasa ce gaba. A ganina ma'aunin ɗaya ne: wane abu ne in ya faru zai haɗa kowa da kowa? A Sabon Gari ba sai an yi dogon tunani ba. Gobarar 26 ga Maris 2016 ta cinye shaguna kimanin 3,800 kamar yadda aka ruwaito, ba ta tambayi layin wane ne ba. Manya sun zo jaje, an yi alkawura, an sake gini. Amma ka shiga kasuwar da rana tsaka ka ɗaga kai: wayoyi sun sarƙe daga wannan rufi zuwa wancan, janareta yana ruri a ƙofar shago, jarkar fetur tana gefe, tebura sun cinye hanyar da ko mai baro sai ya yi ta "a gafara" kafin ya wuce. Motar kashe gobara ta ina za ta bi?

To, ko wannan ɗin ma, "a magance mana gobara" addu'a ce, ba buƙata ba. Buƙata ita ce wadda akawu zai iya rubutawa a layi ɗaya ya sa mata kuɗi. A ce, misali, rijiyoyin burtsatse kaza da tankuna a wurare kaza, famfunan da mota za ta ja ruwa, da buɗe hanyoyi kaza masu faɗin da mota za ta shiga. A nemi injiniya ko mai ƙididdigar gini ya yi kiyasi ya sa hannu. A ɗauki hotuna. A zana taswirar layukan, ko da hannu ne. Sannan 'yan kasuwa su faɗi nasu kason: za mu janye tebura daga hanya kaza, za mu hana kwana da fetur a shago. Ɗan majalisa yana jin daɗin tashi a zaure da takardar da ta nuna masu ita ma sun ɗauki nauyi, domin ta toshe bakin wanda zai ce ai su suka jawo wa kansu.

Ƙofofin majalisa

Takardar koke ita ce mafi sauƙi. Ana rubuta ta zuwa ga Kakakin Majalisa, ta hannun ɗan majalisa, shi ne zai gabatar da ita a zaure, a miƙa ta ga kwamitin da ya dace. Kada ta wuce shafi biyu: su wane ne ku, me ya faru, yaushe, wa kuka riga kuka rubuta wa bai amsa ba, sannan me kuke roƙo. Sauran hujjoji a liƙa su a baya. Ban da zagi, ban da zargin wani da sata in ba takarda a hannu, kuma in maganar tana gaban kotu a dakata, domin majalisa ba ta son tsoma baki a abin da alƙali ke saurare. Sa hannu ya zo da lambar shago da sunan layi. Tsarin mulki ya sa Turanci ya zama harshen aikin majalisa, tare da damar ƙara harshen jiha, saboda haka a yi ta da Turanci, a yi kwafin Hausa da za a karanta wa masu sa hannu, kada wani ya zo daga baya ya ce bai san abin da ya dangwala wa ba. A kai kwafi ofishin akawun majalisa, a tsaya har a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Wannan hatimin ya fi hoton falo ɗari.

Sai ƙudiri, wanda ɗan majalisa ke tashi ya gabatar, wani ya mara masa baya, majalisa ta yi kira ga gwamnati ta yi kaza. Yana da amfani, domin yana shiga kundin majalisa, 'yan jarida kuma suna ɗauka. Amma a sani kira ne kawai, bai ɗaure gwamna ba. Sau da yawa za ka ji a rediyo majalisa ta buƙaci a gyara hanya kaza, mutanen unguwa su yi ta murna, shekara ta zagayo ko tifa ɗaya ba ta zo ba.

Doka ita ce mai ɗauri. Ana yi wa ƙudirin doka karatu na ɗaya, a yi muhawara a karatu na biyu, a tura shi kwamiti, a saurari jama'a in an ga dama, a yi karatu na uku, a kai wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa suna iya sake zartar da shi ya zama doka. Haka takarda ta ce. A aikace kuwa, dokar da gidan gwamnati ba ya so da wuya ta kai labari, wadda yake so kuma gudu take yi. Kanawa shaida ne: dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki aka gama ta, wadda ta rushe su kuma, ranar 23 ga Mayun 2024 majalisa ta zartar, a ranar Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu. Akwai wani darasi a cikin ta 2019 ɗin: a watan Nuwamba kotu ta soke ta saboda ba a bi ƙa'ida ba, sai da aka sake yin ta a Disamba. Saboda haka in doka kuke so, a ce ta haɗe kuɗaɗen da ake karɓa a kasuwa su zama rasit ɗaya, ko ta ba 'yan kasuwa kujeru a hukumar gudanarwa, ku sa lauya ya tsara daftarin, ku kuma bi ta ma'aikatar kasuwanci da ta shari'a tun da wuri, har in zai yiwu gwamnati ta kawo shi a matsayin nata. Wanda ya damu da a ce shi ya kawo, yakan rasa dokar.

Ƙofar da aka fi mantawa da ita ita ce ta bincike. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon bincikar yadda ake aiwatar da dokokinta da yadda ake kashe kuɗin da ta ware, ta kira kowa ya zo da takardu. In tambayar ita ce ina kuɗin shigar kasuwa suke tafiya, ko wa ya ba da izinin gina shago a kan magudanar ruwa, wannan ce ƙofar.

Kasafi, inda maganar take

Duk abin da ke buƙatar siminti da rodi, in bai shiga kasafin kuɗi ba, zance ne. Kasafi kuma yana da lokacinsa, tun ran gini ran zane. Ma'aikatu da hukumomi suna tsara nasu ne tun tsakiyar shekara su tura wa ma'aikatar kasafi da tsare-tsare. Gwamna yakan kai wa majalisa wajen Oktoba ko Nuwamba, kwamitoci su yi ta kiran hukumomi su kare abin da suka nema, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a zartar kafin shekara ta fita. Wanda ya tashi a Janairu, ihu bayan hari ya yi, sai dai ya jira ƙwarya-ƙwaryan kasafi in za a yi.

Saboda haka takardarku ta isa hukumar kasuwa da ma'aikatar kasuwanci da hukumar kashe gobara tun watan Yuni ko Yuli. In sun sa aikin a nasu, aikin ɗan majalisa ya zama karewa kawai, wanda ya fi cusawa sauƙi. In ba su sa ba, da saura, domin kasafi yana canjawa a hannun majalisa. Na 2025 an kai shi a kan naira biliyan 549 da ɗoriya, aka sa masa hannu a ƙarshen Disamba yana sama da biliyan 719. Wannan tazara ba daga sama ta faɗo ba, wasu ne suka san ƙofar da ake bi a lokacin da ake bin ta. Mutanen da za ku nema a wannan tsakanin su ne shugaban kwamitin kasafi, da shugaban kwamitin kasuwanci, da sakatarorin kwamitocin. Sakataren kwamiti ma'aikaci ne, ba a zaɓensa, ba ya fita a rediyo, amma shi ya san ranar zama, shi ke rubuta rahoto. A girmama shi, a karɓi lambarsa. Ban ce a kai masa ambulan ba. Ƙungiyar da ta fara haka ta sa wa buƙatarta farashi, kuma kullum akwai wanda zai fi ta biya.

Ranar jin ra'ayin jama'a mutum ɗaya ya yi magana, biyu su zauna kusa da shi da takardu. Minti biyar sun isa: "Ranka ya daɗe shugaban kwamiti, ga abin da muke roƙo, ga kuɗinsa, ga abin da mu za mu yi." A raba wa kowane ɗan kwamiti kwafi. Cika ɗaki da matasa masu kwalaye yana da ranarsa, amma ba wannan ba ce.

Kujera ɗaya ko goma?

A nan ne lissafin kujera ɗaya ke rushewa. Ɗan kasuwa a Fagge yake ciniki, amma yawanci a unguwarsu yake zaɓe. Da magariba kasuwar nan tana watsewa zuwa Dala, Gwale, Nasarawa, Ungogo, Kumbotso, Tarauni da cikin birni, wasu har Dawakin Kudu da Gezawa. Kowane ɗayansu yana da ɗan majalisa. Sai ƙungiya ta bi layi-layi ta rubuta wa ke zaɓe a ina, ta haɗa ayarin kowace mazaɓa, kowane ayari ya kai wa nasa wakilin takarda iri ɗaya, kalma ɗaya. Ɗan majalisar Fagge shi zai gabatar, domin kasuwar a ƙasarsa take kuma tsallake shi cin fuska ne. Amma ranar da ya tashi a zaure, ya kamata a ce mutum takwas ko goma sun riga sun ji maganar daga bakin masu zaɓensu, shugaban masu rinjaye kuma ya san da zuwanta.

Haka nan kasuwar ba ta ƙabila ɗaya ba ce. Tun kafuwar Sabon Gari a farkon zamanin Turawa, Inyamurai da Yarabawa da sauran baƙi suke ciniki a nan, da yawansu kuma a mazaɓun Sabon Gari suke jefa ƙuri'a. Takardar da ta zo da hannun Alhaji da na Oga da na Hajiya mai kayan kicin tana da wuyar a yi mata fentin ɓangare. Maganar jam'iyya kuwa, kowa ya riƙe tasa a aljihu. Daga 1999 zuwa yau mulkin Kano ya tashi daga Kwankwaso zuwa Shekarau, ya dawo Kwankwaso, ya koma Ganduje, ya zo Abba, kuma kowane sauyi yana zuwa da sababbin masu riƙe da kasuwa. Ƙungiyar da ta zama reshen kamfe tana cin shekara huɗu ko takwas, sannan ta yi zaman jiran tsammani.

Rediyo makami ne a Kano, shiri irin Inda Ranka na Freedom yana iya tayar da ofishin da wasiƙa uku ba su tayar ba. Amma a ajiye shi sai an rubuta, an jira, an tuna, ba a amsa ba. In an je kuma a tafi da takarda mai hatimi, a faɗi kwanan wata, a bar sunan uban kowa.

In aikin ya fito a kasafi, kada a yi walima tukuna. Warewa daban, sakin kuɗi daban. A nemi kundin kasafin da aka sa wa hannu, a gano layin, a rubuta lambarsa da adadinsa da hukumar da aka ɗora wa. Jiha takan fitar da rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku, a sa wani yaro mai ilimin lissafi daga cikin 'ya'yan kasuwa ya riƙa dubawa. In rabin shekara ta wuce ba a saki ko kwabo ba, a koma wa kwamitin da wasiƙa, a roƙe su su zo ziyarar gani da ido, a zagaya da su ta layin da ya fi matsi, ba ta bakin ƙofa inda aka share ba.

Duk takardun nan a haɗa su a fayil ɗaya da zai zauna a ofishin ƙungiya, ba a gidan shugaba ba, a miƙa shi ga sababbin shugabanni ranar da aka yi zaɓen ƙungiya. A kuma riƙa duban kalanda: majalisar da ke ci yanzu, wadda Jibrin Isma'il Falgore ya zama kakakinta, ta fara zama ne a watan Yunin 2023, wa'adinta shekara huɗu ne. Ƙudirin dokar da bai kammala ba kafin ta tashi, sai an sake shigar da shi daga karatu na ɗaya a gaban sabuwar majalisa.